Naman da Yaya Gaspard Ya Tsinto a Kurmi

Shekara tara na yi ina bin sawun goggon biri a kurmin da ke bayan ƙauyenmu, Otsendi, a arewacin Kwango, kusa da iyakar Gabon. Ni da Baba Ossebi muke aikin. Shi ya koya mini, don tun kafin a haife ni yake yawo a kurmin nan, da farko da bindiga, daga baya da ɗan almakashin datse rassa kawai. Da sassafe muke fita, mu nemo inda garken ya kwana, mu ƙirga shimfiɗun ganyen da suka yi, mu bi sawu har mu gan su da ido. Daga nan mu koma sansani mu ba Likita Leontine labari, likitar dabbobin da aka turo mana daga Brazzaville.

Su goma sha bakwai ne a garken. Babbansu, mai farin baya, Kapita muke ce masa. In muka matso da yawa sai ya ɗan yi gyaran murya, mu tsaya, shi ke nan. Tun shekarata ta biyu na daina jin tsoronsa.

Likita ba ta yarda mu kusance su ba tare da takunkumi a hanci ba. Baba Ossebi ya tsani abin nan.

"'Yata, a wannan zafin? Ni da Kapita mun san juna tun kina goye."

"Baba, in aka raba halittar jikinka gida ɗari, kusan casa'in da takwas iri ɗaya ne da nasa. Murar da za ta sa ka atishawa kwana uku, shi kashe shi za ta yi. Abin da ke cikin jininsa kuma ba sai ya nemi izini ba zai shiga naka."

"To, biyun da suka rage fa?"

"Su suka sa shi ba ya shan bammi da safe."

Ran wata Talata a watan Nuwamba, bayan ruwan kwana huɗu da ya hana mu tsallake rafin Lebi, muka sami makwancinsu. Na ƙirga shimfiɗa goma sha ɗaya.

"Sake ƙirgawa, Anicet," in ji Baba.

Na sake. Goma sha ɗaya. Kuma ba a yi su da kyau ba, an dai tanƙwara ganye biyu uku an kwanta a kai. A cikin huɗu daga ciki akwai zawo, baƙi, da jini a gauraye. Baba ya sa tsinke ya tona, ya daɗe yana kallo, sannan ya jefar da tsinken nesa. Ya ciro takunkuminsa daga aljihu ya ɗaura. Ban taɓa ganin ya ɗaura shi kafin mu hango su ba.

Garken goggon biri ba ya tafiya shiru. Tun daga nesa za ka ji karyar rassa, da gyatsa, da tusa, da kokawar ƙanana. Ran nan ba mu ji komai ba sai ɗigar ruwa daga ganye. Muka bi sawu cikin sarƙaƙiya, a sunkuye, wajen rabin awa. Daga nan muka fara jin ƙudaje.

Mbali ce, babbar macen garken. Tana kwance a gefe ɗaya, ta tada kai da hannu yadda mutum ke yi. Jini ya bushe a hancinta da bakinta. Babu rauni a jikinta, ba damisa ba ce, ba tarko ba ne. Ɗanta ɗan wata takwas yana manne a ƙirjinta da rai, yana jan nonon da ba kome a ciki. Ina wurin ranar da aka haife shi. Da ya ji motsinmu ya juyo, ya dube ni, ya miƙo hannu.

Ban san na taka ba sai da na ji Baba ya shaƙe ni da wuyan rigata.

"Ka taɓa shi, kada ka sake zuwa kusa da ni."

"Baba, zai mutu."

"Ya riga ya mutu. Saura ya kwanta." Bai saki rigata ba. "Na taɓa ganin wannan. A Gabon, ƙauyen dangin uwata. Mataccen biri suka tsinta suka ci. Da na je gaisuwa ban sami wanda zan yi wa ba. Ja da baya. A hankali."

Mun ja da baya bai fi taku goma ba, sarƙaƙiyar da ke hagunmu ta fashe.

Ihun mai farin baya, wanda bai taɓa ji ba, ba zan iya kwatanta masa ba. A ciki ake jinsa, ba a kunne ba. Kapita ya fito a guje, yana tumɓuke duk abin da ke gabansa. Dokar aikinmu guda ce: kada ka gudu, ka durƙusa, ka dubi ƙasa, barazana ce kawai. Sau da yawa na yi haka ban ji ko ɗar ba. Amma ran nan na san in ya cije ni, ko ya yakushe ni, ko yawunsa kawai ya shiga idona, na gama yawo. Na durƙusa. Ƙafafuna suna ce mini in tashi, Baba a bayana yana cewa, "Zauna, zauna, zauna," kamar mai addu'a.

Ya tsaya dab da ni. Ina ganin yatsun hannunsa a cikin taɓo, kamu biyu daga gwiwata. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, da zafi, da wani wari da ban san shi da shi ba. Na ɗan ɗaga ido. Idanunsa sun yi ja wur, kuma ba fushi na gani a ciki ba. Kamar bai gane inda yake ba. Ya yi shaƙuwa, ya sake yi, sannan hannunsa ɗaya ya lanƙwashe, ya zauna daɓas. Ya yi amai. Wani ya fallatsa a ƙafar wandona.

Da rarrafe muka bar wurin, da baya da baya. Bai bi mu ba. Yana zaune yana kallonmu har ganye ya rufe shi.

A bakin rafi Baba ya sa na zare wandon da sanda, ban taɓa ƙasansa ba, muka tura shi cikin rami muka rufe. Na wanke ƙafafuna da sabulu har sai da fata ta yi zafi. Ya rage daga ni sai gajeren wando da takalmin roba.

"Bai taɓa fatarka ba?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka ce bai taɓa ba. Mu tafi."

Muka bi gaɓar rafin don mu yanke hanya. A nan muka tarar da gawa ta biyu. Matashin namiji ne, Sukisa, wanda bayansa bai fara fari ba. Ba kai, ba hannuwa, ba cinyoyi. Saran adda ne, mai tsabta, na wanda ya iya fiɗa. Jinin ya yi baƙi, aikin jiya ne.

Baba ya sunkuya kan sawun da ke cikin taɓo, ya miƙe ya dube ni. Mutum biyu ne, ɗaya ƙafarsa ta hagu tana kallon waje. Yayana Gaspard ya faɗo daga bishiyar kwakwar manja yana saurayi, ƙafar ta warke a karkace. Ko a cikin sawu dubu zan gane nasa.

"Ni zan je wa Likita," in ji Baba. "Kai ka yi gida. Kada ka gaisa da kowa da hannu."

Tafiyar awa uku ce. Ban tsaya ko sau ɗaya ba.

Rana tana tsaka na shiga ƙauye. Tun daga bayan coci na ji ƙaurin babbakar gashi da ƙamshin miyar gyaɗa. Yaya Gaspard yana zaune a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, shi da abokinsa Prosper, da jarkar bammi a tsakaninsu.

"Ga mijin birai nan!" ya ce. "Kai, ina wandonka? Surukan naka ne suka ƙwace?"

Prosper ya ƙyalƙyale har yana ƙwarewa. Na tsaya nesa da su.

"Yaya, naman da ka ɗauko a Lebi, kai ka harbe shi?"

"Harbi kuma? Ai kun hana. Allah ne ya ajiye mini a bakin rafi, ko harsashi ban ɓata ba. Ko ƙarata za ka kai wa uwar ɗakinka?"

"Wa da wa suka taɓa shi ɗanye?"

"Ji yaro! Yaushe ka zama ɗan sanda? Zo ka zauna ka sha, ka yi gumi kamar wanda aka koro."

Ya miƙo mini kofi. A babban yatsansa akwai tsumma a ɗaure, jini ya ɓullo ta ciki.

"Me ya sami yatsanka?"

"Adda ce ta goce a kan ƙashi. Ƙashin danginka da tauri."

"Yaya, ciwo ne ya kashe shi. Duk garken mutuwa suke yi. Na gani da idona, jini ta hanci, jini ta baki. Baba Ossebi ya ce irin na Gabon ne."

Prosper ya ajiye kofinsa. Gaspard bai ajiye ba.

"Ossebi ya tsufa. Tun kakanninmu ake tsintar nama a kurmin nan, wa ya mutu? Mun ci jiya, mun ci yau, ga ni ga ka." Ya daki ƙirjinsa. "Ni na goyo, Prosper ya taya ni yanka, Veronique ta wanke ta dafa. Har gidanka na aika da hannu guda, ko da yake ban sani ba ko kana cin 'yan uwanka."

Ban ji ƙarshen dariyarsa ba.

Matata Honorine tana daka ganyen rogo a tsakar gida. 'Yarmu Sylvie tana makaranta a gari wurin ƙanwata, wannan kaɗai na gode wa Allah a kai ran nan. A jikin ginshiƙin rumfa na ga ƙunshin ganye a rataye, ƙudaje na bi.

"Baban Sylvie, lafiya? Ina wandonka?"

"Kin ci?"

"Me?"

"Wancan."

"Ka san mu mata ba ma cin wannan. Na buɗe na ga yatsu, har da farce kamar na mutum, na mayar na ɗaure. Kai na ajiye wa."

"Kin taɓa naman?"

Ta saki taɓarya. Ta juya tafin hannunta tana dubawa, gaba da baya.

"Ganyen kawai. Ina jin ganyen kawai. Akwai dai ɗan ruwa-ruwa a jiki. Me ya faru? Ka daina kallona haka!"

Da sanda na sauke ƙunshin, na kai shi bayan gida na zuba kananzir na cinna wuta. Ganyen ya ƙone ya buɗe, hannun ya bayyana, yatsun suna lanƙwashewa a cikin wuta. Honorine ta juya baya. Na tsiyaya mata bilic ɗin da take wanke fararen kaya da shi, ta wanke hannu sau uku tana kuka ba sauti.

Likita ta iso da la'asar, ta tara mutane a ƙofar mai gari. Ta faɗi sunan ciwon da take zargi, Ebola. Ta ce wanda ya ci dafaffe mai yiwuwa ya tsira, amma wanda ya yanka, ko ya ɗauka, ko ya taɓa jinin, a sa masa ido kwana ashirin da ɗaya. Kada a yi musafaha. Wanda ya kwanta kada a taɓa shi da hannu. Wanda ya mutu kada a wanke shi. Da ta zo nan wurin ya ɗauki hayaniya. Wata tsohuwa ta ce, "Mu karnuka ne da za a binne mu da dauɗa?" Gaspard ya ce wayo ne kawai don a hana talaka nama.

Daga ranar ni da Honorine muka raba tabarma, muka raba kofi. Kullum da safe sai mu tsaya a tsakar gida, ta dubi idona, in dubi nata.

"Fari ne?"

"Fari ne. Nawa fa?"

"Fari."

A rana ta biyar kaina ya sara. Ban gaya mata ba. Na shiga cikin ayaba na zauna ina taɓa goshina, ina haɗiyar yawu in ji ko maƙogwaro na ciwo, ina tuna amai a ƙafar wandona. Na yi wajen awa biyu a wurin. Ciwon ya tafi da kansa. Da na fito na tarar da ita tsaye a bakin gonar, ashe tun ɗazu tana kallona.

A rana ta shida zazzaɓi ya kayar da Gaspard. Ya ce na sauro ne. A ta takwas Prosper ya kwanta. Ma'aikatan lafiya ba su iso ba sai a ta goma, saboda ruwa ya cinye gada. Da suka sauko daga mota cikin fararen kaya, ba fuska, ba ido sai gilashi, yara suka watse cikin daji, manya suka shige ɗaki suka sa sakata. Aka fara cewa ni na kawo abin. Wai na sayar da mutanen ƙauye don birai su rayu, in ba haka ba yaya na sani tun kafin kowa ya kwanta? Da rana tsaka ake jifan kwanon ɗakinmu da dutse. Honorine ta daina zuwa rafi sai in na raka ta.

Gaspard ya ƙi yarda a kai shi tantin da suka kafa. Matarsa Veronique ke jinyarsa, da ledar burodi a hannu a madadin safar da ta ƙi karɓa. A rana ta goma sha biyu ita ma ta kasa tashi. Da hantsi na ji yana kiran sunana. Na je na tsaya a tagar ɗakinsa.

Ban gane shi ba da farko. Fuskar ta zurma, idanun sun yi ja. Yana shaƙuwa, irin wadda na ji a kurmi.

"Anicet. Ba ni ruwa."

Na ɗaura kofi a bakin gora mai tsawo, na zura ta taga. Rabi ya zube kafin ya kai bakinsa.

"Haka kake ba biranka ruwa?"

"Su ba na ba su, Yaya. Da kansu suke sha."

Ya so ya yi dariya, jini ya fito ta gefen bakinsa.

"Babban nasu fa? Kapitan naka?"

"Likita ta same shi. Ya mutu."

"Irin wannan mutuwar?"

"Irinta."

Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "Da nake yanke hannun nan, na ga zanen tafinsa. Irin namu. Na kau da kai na ci gaba." Ya sake shaƙuwa. "Shigo ka gyara mini kwanciya, bayana ya gaji."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ni ne fa. Ni na goya ka zuwa makaranta."

"Na sani."

Ya juya fuskarsa ga bango. Na daɗe a tagar, bai sake juyowa ba.

Washegari da safe ya cika. Mahaifiyarmu ba ta gari duk kwanakin nan, tana can sansanin kamun kifi da mata, tafiyar kwana biyu. Labari bai kai mata da wuri ba. Ta shigo ƙauye ana fara kuka. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ajiye kwandonta, ta ɗauki ƙwarya da soso, ta ɗebi ruwa, ta nufi ɗakin. A wurinmu uwa ko 'yar uwa ke wanke mamaci, dangi su shafa fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan duka a wanke hannu a ƙwarya guda.

Na tsaya a ƙofar.

"Matsa, Anicet."

"Mama, ba za ki shiga ba."

"Ɗana ne a ciki."

"In kin taɓa shi za ki bi shi."

"To, in bi shi mana! Kai ka haifa mini shi? Matsa!"

Ta ture ni da ƙwaryar, ruwan ya zube a ƙafafunmu. Ta sunkuya za ta wuce ta ƙarƙashin hannuna, na rungume ta ta baya na ɗaga ta sama. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana harbi da ƙafa, tana kiran sunan Gaspard, tana kiran maza su zo su cece ta. Mutane sun cika wurin, wasu da adda a hannu, ba wanda ya matso, don kowa na tsoron ƙofar nan. Ta kafa haƙora a damtsena har jini ya fito. Ban sake ta ba. Ina riƙe da ita masu fararen kaya suka zo suka fesa magani, suka fito da yayana a cikin jakar leda, suka ɗauki Veronique zuwa tanti. Da suka wuce jikinta ya saki. Na sauke ta a ƙasa.

Ta ɗago ta dube ni. "Kamar mushe," ta ce. "Ka bari sun ɗauke shi kamar mushe."

Prosper ya mutu bayan kwana biyu, Veronique bayan biyar. Daga nan uwar Prosper da ƙannensa mata biyu da suka wanke shi a ɓoye, sannan waɗanda suka yi jinyarsu. Mutum goma sha huɗu muka binne a Otsendi kafin abin ya tsaya. Sai da aka ga gidajen da suka wanke gawa su ne ke kwanciya, sannan aka daina jifan ɗakinmu. Ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri, ni ma ban nema ba. Ni da Honorine kwanakinmu suka cika ba abin da ya same mu. Har yau ba ta san ko ta taɓa naman nan ba.

A garken Kapita ba mu sake ganin ko ɗaya da rai ba. Wata huɗu muna tsintar ƙasusuwa, nasu da na wasu garkuna uku da ke gabas da Lebi. Baba Ossebi ya ajiye aiki, ya ce ƙafafunsa sun gaji, amma na san ba ƙafa ba ce. Ni na ci gaba. Yanzu wani ƙaramin garke muke bi can nesa, kwana biyu daga gida, kuma ba su yarda da mu ba tukuna.

Mama tana nan da ranta. Ta koma ƙauyen ƙanwarta, shekara shida ke nan ba ta yi mini magana ba. In na je ta kan shige ɗaki ta bar ni da ƙanwar. Duk ƙarshen wata ina aika mata da bandar kifi da gishiri ta hannun Honorine. Honorine ta ce tana karɓa, tana ci, wani lokaci har ta tambayi Sylvie da karatu.